Fentin Da Bai Gasu Ba

Zuwa ga Malam, Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka kamar yadda na saba, duk da na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. A gareji nake zaune, kan kujerarka mai karyayyen hannu, na ɗora takardar a teburin nan da ka hana kowa taɓawa. Idan ka ga rubutun ya karkace, ba hannuna ba ne, ɗigon darma ne ya cika teburin da gargada.

Sati uku ke nan da na fita takaba. Matan masallaci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, ba su bar ni na kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Safiya tana zuwa daga cikin gari duk wikend. Jikarka Amira ta fara takawa, ta yi taku uku ta zube, ta tashi tana hararar ƙasa kamar yadda kake yi in ka yi tuntuɓe. Sanyi ya wuce. Garin furen nan rawaya ya sake rufe motarka, ban wanke ba. Lokacin shuka yakuwarka ya yi, irin yana nan cikin kwalba, na kasa.

Safiya ta tambaye ni, rabi da Hausa rabi da Turancinta, wai me za a yi da kayan jig ɗinka. Na ce ta bar su. Ka san ni har yau a idona jig ƙugiya ce kawai, an zuba mata kan darma, an ɗaura mata bujen zaren roba. Sau nawa na tsokane ka? Ɗan masunta, haifaffen Yawuri, wanda ubansa ke jawo giwan ruwa da raga, ya tsallako Amurka ya ƙare da yi wa ƙugiya kwalliya don ya yaudari wani kifin nan da suke kira bas! Sai ka yi dariya ka ce kifin nan wayo gare shi, a tsakanin duwatsu yake laɓewa, wanda ba zai ja ƙugiyarsa a kan dutse ba ya koma gida ya ci tuwo.

Na san aikin kaf, don ka koya mini ko ina so ko ba na so. Ka narka darma, ka zuba, ka ɗumama kan, ka tsoma shi a garin fenti, ya fito yana sheƙi. Ranar farko na ce ai an gama. Ka ce a ido ne kawai aka gama. Sai an rataye su a ƙaramin oben ɗin nan an gasa minti ashirin cur, sannan fentin zai kama darmar. Wanda aka gasa da wanda ba a gasa ba, ka ce, ko kai ba za ka bambance su da ido ba, sai sun haɗu da dutse. Na kanti kwana ɗaya suke yi a duwatsun bakin dam su ɓamɓare. Naka kuwa, mutanen tabki har cewa suke yi jig ɗin Malam sai dai ya maƙale ya ɓace, ba dai fentinsa ya fita ba. Shekara nawa kana ɗaga kaya a sito babu wanda ya san sunanka? A bakin ruwan nan ne kawai ake nuna ka da yatsa. Na san abin da hakan yake a wurinka, Malam. Na sani sarai, shi ya sa maganar da zan faɗa take yi mini nauyi.

Ka tuna jajiberin sunan Amira? Gida ya cika da mata, shinkafar waina ta jiƙu, ana jiran markaɗe. Duk lokacin da muka kunna injin a kicin sai wuta ta ɗauke, don tukwane biyu na kan wuta ga firiza. Kai kuma ranar ka ga dama ka gasa jig talatin ɗin da amininka Alhaji Mamman ya roƙe ka. Ya je ya cika baki a gaban abokan aikinsa, wai yana da aboki da ke yin fentin da dutse ba ya ci, zai raba musu su gani. Na ce maka haba Malam, yau ɗin? Ka ce minti ashirin ne. Ka jera su, ka murɗa agogon oben ɗin, ka ce kada kowa ya taɓa, ka ɗauki mota ka tafi karɓo naman rago a gona.

Ko get ba ka fita ba na kawo injin markaɗe gareji, na zare filogin oben ɗin na sa nasa. Soket ɗaya ne a garejin, ka sani. Na ce a raina minti biyar, in gama in mayar. Ina! Shinkafa bokiti biyu, mata na surutu, wannan ta ce an cika ruwa waccan ta ce bai yi laushi ba. Ban farga ba sai jin ƙararrawar oben na yi. Ashe agogon nan ba ruwansa da wuta, murɗa shi ake yi, zai ƙirga lokacinsa ya buga ko da oben ɗin a sanyaye yake. Na leƙa na gan su suna sheƙi lafiya lau. Na mayar da filogi, na share garin shinkafar da ya zuba. Da ka dawo ka tambaye ni ko ya buga, na ce ya buga. Ka ce madalla, ka kwashe su ka zuba a leda.

Abin da na yi ke nan. Ban yi da mugunta ba, wallahi. Amma abin da ya biyo baya, shi ne ban san sunan da zan ba shi ba.

Asabar ɗin da ta zagayo Alhaji Mamman ya shigo da ledar nan a hannu, ka san bakinsa, mutumin Gaya ba ya iya shiru. Ya zazzage su a kan tabarma. Kawunan duk sun kwaile, darma tsirara, wani ma jifa uku aka yi da shi. Yana dariya yana cewa wai ka kunyata shi a gaban Nasara, wai tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko dai kuran ce aka ɗauke muku a unguwarku ta McLeansville? A kan kunnena ya ambaci ɗauke wutar nan. Ina tsaye da tiren shayi. Ka ɗauki guda ɗaya ka kankare shi da farce, fentin ya fita kamar ɓawon gyaɗa. Ka yi dariya tare da shi. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na ajiye shayi na koma kicin.

Kunya ce ta fara riƙe ni. A gaban baƙo zan ce ni ce? Na ce bari ya tafi. Da ya tafi ka shiga gareji ka daɗe, na ce bari ka huce. Da ka fito sai ka ce mini ka tabbata ka murɗa agogon, amma wataƙila ba ka kunna zafin ba, ko ka kunna ka kashe, ka kasa tunawa. Sannan ka kawo maganar Baba, mahaifinka. Ka ce shi ma da ƙaramin abu ya fara. Wata safiya ya zauna gyaran raga, ƙullin da ya shekara hamsin yana yi ya ɓace masa, ya riƙe zare yana kallo. Bayan shekara biyu yana tambayarka kai ɗan wane ne. Ka faɗi haka kana kallon tafin hannunka. Ni kuma na ce maka kowa yana mantuwa, ka bar shi ga Allah. Ka ji matar kirki! Na ba ka haƙuri a kan ciwon da ni na ɗora maka.

Ka je wajen likita, suka sa ka zana agogo, suka sa ka maimaita kalmomi, suka ce ba su ga komai ba. Ba ka yarda ba. Ka fara rubuta komai a takarda kana mannawa, a jikin firiza, a mota, a ƙofar banɗaki. In ka nemi makulli minti ɗaya sai fuskarka ta canza. Ka lulluɓe oben da tsohon zanena. Ka daina zuwa tabki, wai kada ka kai mutane cikin ruwa ka manta hanyar dawowa.

Yanzu ga wadda ta fi muni, tunda na fara sai in ƙarasa. Na ji daɗi. E, na ji daɗi, Malam. Shekara da shekaru duk Asabar kana sallar asuba ka ja jirgin ruwanka ka tafi, ka bar ni a gidan nan da babu maƙwabcin da za ka leƙa ta katanga ka gaisa da shi, sai itatuwa da ƙarar motoci daga nesa. Sai ga ka a gida. Muna karyawa tare, ka kai ni kasuwar 'yan Afirka, mu biya wajen Safiya. Warin fenti ya bar labulena. Duk lokacin da na yi niyyar faɗa maka sai wata zuciya ta ce bari wannan Asabar ɗin ta wuce. Na samu mijina a gida, amma wane miji? Mutumin da yake zaune yana jiran ranar da zai manta sunana. Ina ganin tsoron a idonka, ina zuba maka shayi.

Har ka taɓa roƙona, muna cikin mota a gaban masallaci, ka ce in na ga ka fara rikicewa kada in ɓoye maka, don ni kaɗai ka yarda da ita. Na ce to. Me ya hana ni a lokacin? Mu biyu ne, gilashi a rufe, babu mai ji. Me nake tsoro, faɗa? Kai da ko tsawa ba ka iya ba?

Wata bakwai muka yi a haka. Sai ranar nan bayan azahar kana share ganye a tsakar gida, na leƙo ta taga na gan ka a ƙasa. Sun ce zuciya ce. Na san ajali ne, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma ka tafi kana zaton kanka ya fara lalacewa, alhali lafiyarsa ƙalau, kuma ni kaɗai a duniya na san haka.

Ban shigo garejin nan ba sai da na fita takaba. Na ɗaga zanen da ke kan oben, sai na tarar da jig goma sha biyu a rataye a ciki, kore da ruwan ƙasa, an tsoma su a fenti ba a gasa ba. Yaushe ka yi su? Ashe ka sake gwadawa a ɓoye, ka zo kan gasawa ka tsaya. A jikin ƙofar oben ɗin ka manna takarda da rubutunka: “Kunna zafi. Murɗa agogo. Duba sau biyu. Tambayi Hadiza.” Malam, a ƙasa na zauna. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai.

Washegari na kira Alhaji Mamman, na ce ya zo da Hajiyarsa. Na faɗa musu komai, tun daga injin markaɗe har daɗin da na ji na zamanka a gida duk Asabar. Ban rage ba. Bawan Allah nan ya cire hula ya riƙe, ya ce shi ne ya kashe ka da bakinsa, na ce a'a Alhaji, kada ka ƙwace mini laifina. A gabansu na kunna oben. Na tsaya a kansa minti ashirin, hannuna a kan filogin, warin nan da na tsana ya cika mini hanci, ban buɗe ko taga ba. Da suka huce Alhaji ya ɗaura musu buje, don ni ban iya ba.

Jiya ya kai su duwatsun bakin dam, wurinku. Tun safe har la'asar yana jan guda ɗaya a kan dutse, da gangan, ya ce ko kifin bai kula ba. Ya kawo mini shi da yamma. Bujen ya yage, bakin ƙugiyar ya dakushe, akwai ƙarce biyu a gefe. Fentin yana nan daram. Ya ce ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu, ya gaya musu wancan karon wuta ce aka cire, ba hannun Malam ba ne. Bai ce ni ce ba. Na ce masa in ya koma ya faɗa.

Ga shi nan a gabana ina rubutu. Sauran na ba shi, wannan na riƙe. Na yi maka sadaka, ina kuma roƙon Allah ya yafe mini, amma hakkinka ne, kuma ba ka nan da zan durƙusa in ce ka yafe. Na san da ka ji da dariya za ka fara, ka ce Hadiza, a kan waina? Wannan dariyar ce na hana kaina, na hana ka.

Ka rubuta cewa a tambaye ni. To ga amsa, ko da ta makara. Ka kunna zafin, Malam. Ka murɗa agogon. Ba ka manta komai ba. Ni na zare filogin.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta da tsoron da na bar ka da shi. Sai na zo.

Matarka da ta yi shiru,
Hadiza