Lemon da Na Haɗa a Walimar Surukata

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Kuma tun kafin na fara, wanda ya san wa'azi kawai ya zo yi min, ya yi haƙuri ya wuce. Na yi Islamiyya, na san hukuncin. Shawara nake nema, kada a yanke min hukunci sai an kai ƙarshe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Gyadi-Gyadi da maigidana da 'ya'yanmu uku. Bayan aikin asibiti ina haɗa lemon biki, kuma ba yabon kai ba, daga Tarauni zuwa Unguwa Uku an san hannuna. Abin ba shi da wahala. Na dafa zoɓo da citta da kanumfari, na tace, na yanka abarba da kankana da tuffa ƙanana, na matse lemon zaƙi, sannan na juye ruwan inabi na kwalba, irin mai kumfa marar giya da muke cewa wayin, na cika da ƙanƙara. Cikin awa ɗaya na gama kula biyu. Shekara shida ina yin haka, ko ciwon ciki ba wanda ya taɓa yi.

Bana surukata, wadda muke kira Hajiya, ta dawo daga aikin Hajji, aka shirya mata walima a gidanta da ke Darmanawa. Ana gobe walima da la'asar ta kira ni ta ce ni zan yi lemo. Na ce, "Hajiya, ai da an gaya min da wuri, shagon da nake sayen wayin kwalba huɗu kawai suka rage musu." Ta ce, "Kar ki wahalar da kanki, 'yata. Na ga katan guda a sito, Babba ne ya ajiye ina Makka, na san don walimar nan ya kawo. Da shi za ki yi." Babba shi ne yayan maigidana, Yaya Babba muke ce masa, mutumin da ba a yanke magana a dangi sai ya zo, kullum yana sahun gaba a masallaci. To ku gaya min, wace ce za ta tsaya binciken abin da ya fito daga siton matar da ta sauko daga Arfa, wanda kuma irin wannan mutumin ya ajiye?

Da safe na isa da kayana. Na buɗe katan, kwalabe goma sha biyu, rubutun jikinsu ba Turanci ba ne, ban ma san yaren ba. Na ji warinsa ya ɗan fi na kullum ƙarfi, kuma ba ya kumfa, sai na ce a raina ai na waje ne. Ranar ina azumin ramuwa, don haka ban ɗanɗana ba. Na juye shida a kula ta farko, shida a ta biyu, na ƙara sukari da citta, aka ɗauka aka kai tsakar gida. Ana zafi sosai ranar, mata cike da gida, kafin malama ta fara wa'azi an shanye kular farko. Har kicin ake biyo ni ana cewa, "Maman yara, yau kin fi kullum."

Ina tattara kwalaben da babu komai a ciki zan zuba a buhu, sai idona ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa, lamba goma sha biyu da alamar kashi cikin ɗari. Aikina ya sa na san ma'anarta. Na ɗauki wata, haka. Na ɗauki wata, haka. Na zauna a kan buhun gawayi. Giya na haɗa wa mata sama da ɗari, a walimar Hajji.

Ga wurin da za ku zage ni, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin an fara raba kula ta biyu. Ina hango ta daga ƙofar kicin. Taku goma ne tsakanina da ita. Ban tashi ba. Na zauna ina kallo ana cika kofuna har aka kai rabi, sannan na je na ce ƙuda ya faɗa, na janye ta na zubar a kwata. Me ya sa ban tashi da wuri ba? Tsoro. Ina tunanin me zan ce, a gaban malama, a gaban ƙawayen Hajiya, a gaban dangin miji? Na tsaya a tsakar gida na ce jama'a ku ajiye kofi, giya kuka sha? Kafin magariba sunana ya zaga Kano. Wa zai tsaya jin daga inda katan ya fito? Duk mai cewa da ita ce da ta yi ihu nan take, ina taya ta murna, ba ta taɓa tsayawa a inda na tsaya ba.

Yawancin mata kofi ɗaya suka sha, babu abin da ya same su sai yawan hira. Amma akwai Gwaggo, yayar Hajiya, wadda ke zaune a Daurawa wurin ɗanta. Tsohuwa ce marar magana, kullum carbi a hannu, tun da na shigo dangin ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ashe ba ta karya ba ta fito, ga ƙishirwa, ta sha kofi huɗu. Malama na tsakiyar bayani kan falalar Hajji, sai Gwaggo ta miƙe ta yar da mayafi ta fara waƙar dandali ta zamanin 'yanmatancinsu, tana tafi tana juyi. Ta nuna Hajiya da yatsa tana dariya ta ce, "Wannan da kuke gani, ita ta sace min 'yan kunne ranar kamuna, kuma har yau ba ta amsa ba." Daga nan ta yi amai ta zube. Aka ce a kira nas. Na zo na gwada jininta, na duba idonta, ina jin warin abin a bakinta, na ɗago na ce zafi ne da gajiya, a bar ta ta yi barci. Wannan ƙaryar ta fi komai ci min rai, don da sunan aikina na yi ta.

Washegari da hantsi sai ga Yaya Babba a gidanmu, maigidana ya riga ya fita. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Hajiya ta ce ke ta ba katan ɗin da ke sito." Na ce, "Ni ta ba, Yaya." Ya ce, "Ina yake?" Na ce, "Yana cikin cikin mutanen da suka zo walima." Sannan ya ce ajiyar wani abokinsa ce. Na ce, "To abokin naka bai sami inda zai ajiye giya ba sai ɗakin mahaifiyarka tana ɗawafi?" Ban taɓa yi masa magana haka ba, amma ranar ban ji ko ɗar ba. Ya rage murya ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Ke kika haɗa, ke kika raba. Ni ko kofi ban miƙa wa kowa ba. Idan kika buɗe baki, zan ce ban san da wata giya ba, da kayanki kika zo. Ki duba ki gani, tsakanin ni da ke wa dangin nan za su gaskata." Ya gyara hularsa ya fita.

Ni za a yi wa barazana? Ni da na bar aikina na tsaya a kan ƙafata tun safe da azumi a bakina don a fita kunyar baƙinsu? Na yarda na yi laifi, na yi shiru a lokacin da ya kamata na yi magana, kuma na nemi gafarar Allah, ina kan nema. Amma ba ni na sayo ba, ba ni na ɓoye ba, kuma ba zan ɗauki zunubin namiji mai gemu na ɗora a kaina don a ce ni surukar kirki ce ba. Kwalaben nan ban zubar ba, suna nan a buhu a bayan ɗakina, kuma har da takardar shagon da na tarar a gindin katan, da sunansa a rubuce. Bai san da wannan ba.

Da a ce a nan abin ya tsaya, wallahi da na haɗiye na tafi da shi kabari. Sati uku ke nan. Matsalar ita ce Gwaggo. An ce aljanu ne, an yi mata ruƙiyya sau biyu, tana zaune tana kallon malamin babu abin da ya tashi. Sai aka koma cewa rikicin tsufa ne. Matar ɗanta ta daina bar mata jikoki, an kwashe wuƙaƙe da ashana daga ɗakinta, an hana ta zuwa makarantar manyan mata da take zuwa, wai kar ta sake abin kunya. Hajiya kuwa ta yi fushi da maganar 'yan kunne, ko gaishe ta ba ta je yi ba. Yanzu ɗanta ya ce ranar Litinin zai kai ta asibitin masu taɓin hankali, kuma ni ya roƙa na raka su tunda na san kan asibiti.

Shekaranjiya na je duba ta. Na tarar ta rame, tana zaune a bakin gado. Da matar ɗanta ta fita, sai ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ke kin yi karatun lafiya, kuma ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Na haukace ne? Ina tuna duk abin da na yi ranar, na san ni ce, amma ban san abin da ya tashe ni ba. Tun ranar nake tsoron kaina. Ko sallah na tayar sai na ji tsoron kar na fara waƙa." Na ce, "Gwaggo, lafiyarki ƙalau, wallahi lafiyarki ƙalau." Ta ce, "To ki gaya musu mana. Ni sun daina jin maganata." Na fito na shiga adaidaita, har Gyadi-Gyadi ina kuka a cikin niƙabi.

Maigidana bai san komai ba. Yana ganin yayansa kamar uba, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Idan na faɗa, Hajiya za ta san ta sha giya kwana biyar da dawowa daga Makka, kuma ɗanta na fari ne sila, ga ta da hawan jini. Sana'ata ta mutu, don babu mai sake ba ni lemon biki. A wurin aiki ma ban san abin da zai biyo baya ba idan aka ji nas ta ga maye ta ce zafi ne. Aurena kuma sai yadda ta yiwu. Idan na yi shiru, ranar Litinin ni da kaina zan riƙe hannun tsohuwar da ba ta da ciwon komai na kai ta a rubuta mata maganin hauka, shi kuma mai katan yana sahun gaba.

Na gaya muku gaskiya, zuciyata ta fi karkata ga na ɗauki buhun kwalaben na zube su a gaban Hajiya da 'ya'yanta duka, na faɗi nawa laifin da bakina, kowa ya ɗauki nasa. Ba na tsoron Yaya Babba. Abin da nake tsoro shi ne fuskar maigidana, da zuciyar Hajiya. Na fara gaya wa maigidana shi kaɗai? Na je wurin ɗan Gwaggo a ɓoye, alhali na san ba ya riƙe magana? Ko na ba Yaya Babba zuwa Lahadi ya faɗa da kansa, ni da na san ba zai faɗa ba?

Yau Alhamis. Kwana huɗu ya rage min. Me zan yi?