Ɗan Farin da Fom Ɗinku Bai Ƙirga Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumar da ke rajistar iyalai domin shirin lafiyar yara, Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Sunana Hajara Lawal. A Kubwa nake zaune, ɗinki nake yi a gida, maigidana kuma yana da shagon hatsi a kasuwa. Mu mutanen ƙasar Katsina ne. Neman abinci ya kawo mu nan tun farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da kowa a ƙauyenmu ke cewa a Abuja ko shara mutum yake yi zai yi arziki. Makon jiya ina kan keken ɗinki na ji sanarwarku a rediyo, cewa za ku sake fita rajistar gidaje, kuma kuna neman ra'ayin jama'a a kan sabon fom kafin ku buga shi. Na dakata da ɗinkin na saurara har ƙarshe. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni ɗakina ya yi yoyo har ya rushe a kaina, kuma ta wannan fom ɗin ruwan ya shigo. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, a yi mini uzuri idan maganata ta karkace.

Na ɗaya, yadda abin ya faru.

Shekara biyu da suka wuce, wata Laraba da hantsi, wata ma'aikaciyarku ta yi sallama a gidanmu da fayil a hannu. Mace ce mai fara'a, 'yar kudu, Hausarta irin ta Abuja. Ta ce gwamnati za ta ba kowane yaro kati, wanda zai sa a duba shi da sauri a asibitin da aka ware, a ba shi magani, idan kuma yana buƙatar jini a ba shi daga ma'ajiyar shirin. Da na ji maganar jini sai zuciyata ta yi fari, domin babban ɗana yana da ciwon sikila tun yana goye. Sauran ukun Allah ya kare su.

A ranar surukata, wadda muke kira Inna, ta zo mana daga gida, tana zaune a kan tabarma kusa da ni tana ɓarar gyaɗa. Yaron kuwa yana bakin ƙofa, bai je makaranta ba saboda ƙafarsa na ciwo. Ma'aikaciyar ta buɗe fayil ta ce, "Madam, yaro nawa kana da shi?" Na ce uku. Na lissafa mata Zainab da Usman da Nana, ta rubuta. Sai ta nuna yaron da ke bakin ƙofa da biro ta ce, "Wannan fa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan Inna ne." Inna ta yi murmushi ta ce, "Ƙwarai kuwa, nawa ne." Ma'aikaciyar ta rufe fayil, na sa hannu, na ba ta ruwa ta sha, ta wuce gidan gaba.

Ranka ya daɗe, idan kai Bahaushe ne ba sai na yi maka bayani ba, mai yiwuwa ma kai kanka ɗan wata Innar ne. Idan kuma ba Bahaushe ba ne, to ga yadda abin yake. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta sa shi cikin lissafi idan ana ƙirga mata 'ya'ya, balle a gaban uwar mijinta. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka ita ma ta tarar. Duk macen da ke unguwarmu idan ta ji na ce "ɗan Inna ne," dariya za ta yi ta rubuta huɗu. Ma'aikaciyarku ta ɗauka baƙo ne ya zo da kakarsa. Ban ga laifinta ba, baƙo ko da ido makaho ne. Ni kuma na ɗauka duk duniya an san ma'anar maganata.

Na biyu, gyaran da aka hana mu.

Bayan wata biyu katuna suka iso. Uku ne. Na juya ambulan ɗin, na zazzage shi, na leƙa ciki kamar wadda ta yar da allura. Yara uku masu ƙoshin lafiya kowa da katinsa, wanda shi kaɗai yake buƙata kuma ba shi da shi. Da maigidana ya dawo na faɗa masa, bai yi mini faɗa ba, ya ce gobe zai je a gyara, ai abu ne mai sauƙi.

Ya je ofishinku na ƙaramar hukuma, aka ce su nasu tattarawa ne kawai, gyara sai hedikwata. Ya rufe shago ya bi motar asuba tare da ma'aikatan da ke shiga gari, aka ce ya kawo takardar haihuwa. Yaron a ƙauye na haife shi, a ɗakin uwata, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ba mu da wata takarda. Aka ce to ya kawo takardar rantsuwa daga kotu. Ya kawo. Aka ce oga ya yi tafiya. Ya koma, aka ce oga yana taro. Ya sake komawa, aka ce an rufe shigar da sunaye a kwamfuta, sai zagaye na gaba. Sau bakwai ya je, na ƙirga, domin duk ranar da zai tafi ni nake goge masa riga. A zuwa na ƙarshe wani ma'aikaci ya ciro fom ɗin ya nuna masa sa hannuna, ya ce, "Alhaji, madam ɗinka da kanta ya ce uku. Mu ba mu ƙara yaro haka kawai." Maigidana ya yi ƙoƙarin yi masa bayanin kunya, mutumin ya kalle shi kamar wanda ya zo da ɗan maƙwabta yana son ya ci banza.

Ni ma na so in je da kaina in ce nawa ne. Maigidana ya ce in bari, ai an ce zagaye na gaba. Na bari. Wannan yana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Bara da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Kwana biyu muna ba shi magani a gida, a rana ta uku da safe na ga idanunsa da tafin hannunsa sun yi fari fat, numfashi yana yi masa wuya. Muka ɗauke shi zuwa asibitin da kuka ware. A ƙofar sashen masu kati aka tambaye mu kati. Na miƙa takardar rantsuwa. Matar da ke kan tebur ta duba kwamfuta, ta ga sunan maigidana da nawa da yara uku. Ta ɗago ta ce, "Ke ce uwarsa?" Inna tana tsaye a bayana, mutane cike da wurin, na ce, "Ni ce. Ni na haife shi, shi ne ɗana na fari." Shekararsa goma sha ɗaya a duniya, ranar ce na fara faɗin haka da bakina a gaban jama'a. Matar ta tausaya mana, na gani a fuskarta, amma ta ce jinin shirin ba ya fita sai da lambar kati, mu bi layin kowa da kowa, mu kuma nemo wanda zai ba da jini.

Aka gwada na mahaifinsa, bai dace ba. Nawa aka ce ni kaina bai ishe ni ba. Maigidana ya hau babur ya koma kasuwa neman mutane, kuma Allah ya saka wa 'yan kasuwar nan da alheri, mutum biyar suka rufe shagunansu suka biyo shi. Ni kuwa ina kan benci a baranda, yaron yana kwance a cinyata. Ban taɓa ɗora shi a cinya a gaban mutane ba tun da na yaye shi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Umma, yau ba kya jin kunyata?" Yana murmushi ya faɗa, tsokanata yake yi, haka halinsa yake ko yana cikin ciwo. Na ce masa ya yi shiru ya huta. Ana kiran sallar azahar aka shiga da shi. Kafin a gama gwada jinin waɗanda suka zo, Allah ya karɓi abinsa.

Ranka ya daɗe, ni Musulma ce, na san ajali ba ya jira kuma ba ya wuce lokacinsa. Ban ce ku kuka kashe mini ɗa ba. Amma na ga yara masu kati suna wuce mu ana shiga da su, kuma na san jinin yana bayan ƙofar da muke kallo. Zuciyata ta karye a wannan baranda, har yau ba ta haɗu ba. Inna ta koma gida bayan addu'ar bakwai, ta rame ta lalace. Duk wanda ya je gaishe ta sai ta ce masa, "Da na tashi na ba su wuri, da yarinyar nan ta faɗi gaskiya." Tsohuwa tana ɗora wa kanta, ni ina ɗora wa kaina, maigidana ya zama ba ya son yawan magana. Ku kaɗai ne ba ku san an yi ba, domin a wurinku yaron bai taɓa zuwa duniya ba balle ya bar ta.

Na huɗu, ra'ayina a kan sabon fom.

Maƙwabcinmu Malam Kabiru, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, ya samo mini kwafinsa ya fassara mini. Takardar ta ƙara kyau, an ƙara shafuka, har da wurin manna hoto. Amma tambayar tana nan yadda take: yara nawa gare ki, a rubuta lamba a akwati. Wato ramin da na faɗa ba a cike shi ba, fenti aka shafa masa a baki. Ina roƙon waɗannan abubuwa:

A daina tsayawa a kan tambaya ɗaya. Bayan mace ta faɗi lamba, a sake tambayarta a hankali: har da na fari? Kalma huɗu ce, ba za ta ci muku tawada ba. Mace ba za ta fara ambatonsa ba, amma idan aka tambaye ta za ta gyaɗa kai.

A koya wa ma'aikatanku cewa idan sun ga yaro a gida aka ce ɗan Inna ne, ko ɗan Hajiya, ko ɗan Gwaggo, su tambayi wa ya haife shi. Idan da hali su ja matar gefe, ko su tambayi wata babba a gidan. Matambayi ba ya ɓata.

A bar ƙofar gyara a buɗe, kuma a nan kusa da mu. Kuskuren da aka yi a tsakar gida cikin minti ɗaya bai kamata a ce sai a bene na biyar a tsakiyar birni za a gyara shi ba. Kowace rana sabon gini yana tashi a garin nan, ban yarda cewa an rasa tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya a Kubwa ba.

A ba ma'aikatan asibiti izini su fara ceton yaro, a nemi lamba daga baya.

Sai kuma ita kanta hanyar neman ra'ayin. Kun ce a rubuto da Turanci, a aiko ta intanet ko a kawo ofishinku kafin ƙarshen wata. Matan da wannan tambaya za ta cuta suna Karshi da Yangoji da lungunan Kubwa, yawancinsu ba su taɓa shiga lif ɗin hawa bene ba. Idan da gaske ra'ayinsu kuke so, ku aiko mata su zauna da su a gidan suna ko a makarantar Islamiyya, za ku ji abin da ba ku taɓa ji ba. Ni da Hausa na rubuto, kuma na ba jarida ta buga, domin na san hanyar ofishinku, maigidana ya auna mini ita sau bakwai. Ina kuma so 'yan'uwana mata su ji: kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma idan mai fayil ya shigo gida, a ajiye ta a gefe har ya fita.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Na haɗo kwafin takardar rantsuwar nan da kwafin wannan wasiƙa na aiko ofishinku, cikakken sunan yaron yana jiki. Ina roƙo a buɗe tsohon fayil ɗinmu a rubuta shi a ƙarƙashin sunana, ko da a layin waɗanda suka rasu ne. Ba kati nake nema ba, ba diyya ba. So nake a samu wuri ɗaya a takardun gwamnati da ya nuna cewa na haife shi. Ku yi wannan kafin ku sake fitowa, domin idan ma'aikaciyarku ta dawo ta tambaye ni yara nawa gare ni, uku zan sake ce mata, kuma a wannan karon ba kunya ba ce.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'arka, kada ya nuna maka abin da na gani. Allah ya jiƙan ɗana, ya sa mai ceto ne a gare mu.

Wassalam.

Hajara Lawal,
Kubwa, Abuja.