Gidanmu Ya Koma Gonar Masara

Mankato, Minnesota
29 ga Yuli

Zuwa ga Yayata Lorna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Graham da yara. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, don na san yanzu ne sanyin Ostireliya yake tayar miki da shi, mu kuwa nan zafi kamar ya dafa mutum. Muna lafiya. Maigidana Duane yana nan da tumbinsa da gardamarsa, babu abin da ya ragu. Baba ma jikinsa ƙalau, yana ci yana sha, mantuwar ce dai kullum gaba take yi.

Da gangan na ƙi kiran ki a waya, don na san ina jin muryarki kuka zan fashe da shi, ki kasa gane komai. Kin tuna alkawarin da na yi muku ke da Baba, cewa kafin ya koma gidan kula da tsofaffi a watan Satumba zan kai shi ya ga gonarmu ta Iowa, in ɗauko miki hotonsa a ƙofar gidan da aka haife mu. To, mun je. Hoton yana cikin ambulan ɗin nan, amma don Allah ki gama karatu kafin ki duba shi.

Ranar Talata muka tashi, muna jan ɗan ɗakin nan mai taya a bayan mota. Baba muka bar wa gadon ciki, mu muka riƙa kafa tanti a gefe. Kwana biyu muka yi a hanya, muna bin ƙananan tituna don ya more kallo. Yaya, da kin ga Baba! Mutumin da yake wuni a falona bai ce uffan ba, muna shiga cikin gonaki bakinsa ya buɗe. Babu gonar da ta tsira. Wannan ya makara da shuka, wancan malalaci ne ciyawa ta cinye masa waken suya, wancan kuma ko akuya ba za a ba shi kiwo ba. Duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai ya ɗaga mata yatsa ɗaya, gaisuwar nan tasu ta manoma, har ya yi wa Duane tas don shi bai ɗaga ba, wai ɗan birni ne marar tarbiyya. Duane ya ce shekara talatin yana auren ’yarsa, amma har yau bai wuce baƙo ba. Mun tsaya a wajen baje kolin dabbobi na wani ƙaramin gari, Baba ya yi awa guda yana sukar aladun mutane. Mun sauka a bakin tafki, ya ci dafaffiyar masara huɗu da man shanu har haɓa. Sau biyu ya kira ni da sunana, ba da sunan marigayiya Mama ba. Na ce a raina lallai tafiyar nan ta yi rana.

Rana ta uku muka shiga yankinmu, sai muka ɓace. Baba ya ce a karya dama a wajen jan ginin da su Hoekstra suke ajiye shanu, babu gini. Ya ce a nemi jerin itatuwan da Kaka ya dasa don tare iska, babu itace ko ɗaya. Sai da Duane ya duba taswira a waya muka tsaya a wani wuri kan hanyar tsakuwa. Na fita ina dube-dube, sai na gane ɗan mashigin nan na kan kwalbati, inda muke tsayawa jiran motar makaranta. Shi kaɗai ya rage. Yaya, babu gida. Babu rumbu, babu rijiya, babu itacen tuffar Mama. Masara ce tun daga bakin hanya har iyakar ganin ido, ta fi Duane tsawo. Shekara goma sha tara da sayar da wurin, ni kuwa da wautata ban tambayi kowa ba na ɗauko tsoho na kawo shi.

Baba ko a jikinsa. Ya ce ai masara ce ta ɓoye gidan, haka take yi duk Yuli. Ni na juya ina sauke haushina a kan Duane, wai me ya sa bai bincika ba tun muna gida, kamar shi aka haifa a wurin. Muna waigowa babu Baba. Ya shige. Kin san yadda masara take, taku goma mutum ya ɓace. Na yi ta ihu har muryata ta dishe, ganye ya haɗiye ta. Rana tana tsaka, ba iska, mutum ɗan shekara tamanin da huɗu, ko ruwa bai riƙe ba. Duane zai kutsa ciki na riƙe masa riga, don ban san ta ina zan fara neman mutum biyu ba.

Ana cikin haka wata motar a-kori-kura ta tsaya. Verlyn Dykstra ne, ɗan mutumin da ya sayi gonar, shi ke noma ta yanzu. Ya ce shekara shida ke nan da ya rushe gidan, rufin ya rufta, amma bai yarda mun haɗa ido ba da yake faɗa. Ya ce in daina ihu, kuma kada kowa ya shiga. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai tsohon manomi ne? Na ce shekara hamsin ya yi yana noman ƙasar nan da kake tsaye a kai. Ya ce to shi ke nan, manomi ba ya tsallake layi, don kada ya karya kara. Layin da ya shiga shi zai bi har ƙarshe, rabin mil, ko da ya manta sunansa. Ya duba sawun takalmi, ya ƙirga layuka daga kusurwar gona, ya zagaya da mu ɗaya gefen.

Minti arba’in muka yi a tsaye. Ban taɓa jin ba ni da amfani ba kamar a lokacin. Ba abin da zan iya sai kallon ganye da addu’a, ita ma addu’ar ta ƙi haɗuwa. Can sai kara ya motsa, ga Baba, daidai layin da Verlyn ya nuna. Babu hula, ganye ya yayyanke masa hannuwa, rigarsa sharkaf. Ya dubi Verlyn ya ce masarar ta yi kyau, amma ya cika ta da yawa. Sannan ya juyo gare ni ya ce bai sami gidan ba, da alama layi ya kuskure, mu gwada na gaba, don Mama ta gama abincin rana kuma na san halinta idan aka bar shi ya huce. Verlyn ya juya baya yana fyace hanci. Na ce wa Baba ya bari sai gobe. A nan Duane ya ɗauki hoton. Idan kin duba, wajen kafaɗarsa ta hagu, can ciki, nan ne ɗakinmu yake.

Yau kwana tara da dawowarmu. Ya manta mun je. Kullum da safe sai ya sa takalmi ya zauna bakin ƙofa, ya tambaye ni ko yau ne zan kai shi gida kamar yadda na yi alkawari. Idan na gaya masa gaskiya zai yi kuka, gobe ya manta, in sake rushe masa gidan da bakina. Idan na ce gobe, ƙarya nake yi wa ubana. Sau tara ke nan ina cewa gobe. Ke ce babba, Yaya, ki gaya mini abin da zan ce masa, don ni dabara ta ƙare mini.

Ki gaida Graham, ki gaida Ingrid da Tobias, ki ce kakansu yana ajiye da hotonsu duk da yana tambayar ’ya’yan waye. Gwaggo Arlys tana gaishe ki, Duane ma haka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Zan tsaya nan, na ji shi yana neman takalminsa.

Ƙanwarki,
Marlys