Gyaran Riɗi a Turkiyya

Yaya Tanko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba, ya mutanen Bici? Ni lafiya lau. A sito nake kwana, amma buhuna suna tare min sanyi.

An yi wa reshen kamfanin Alhajinmu rajista a nan Turkiyya, sai dai na kusa yin ɓarna. Mai sayen riɗi na farko, na ƙara masa gyara kamar yadda ake yi a kasuwar Dawanau. Ya dawo da buhun, wai sikelinmu ya lalace, ya fasa cinikin! Da tafinta ya yi masa bayani, dariya ya yi, ya ce baɗi ma a wajenmu zai saya.

Na san hatsi ya yi tsada, amma don Allah ka hana Baba sayar da gonar nan. Ku shuka riɗi.

Ƙaninka,
Dallatu