Safayar da Ba Ta Taɓa Ganin Kahu Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Direbobin tasharmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya, ya jama'a, ya fama da mu fasinja?

Ni tela ne a nan Rano, amma asalina Kahu. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi aka bugo min cewa yayana Sale ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu, shi ya saya min keken ɗinkin da nake ci da shi. Na rufe shago na zo tasharku da sauran lokaci mai yawa. Ga abin da na gani.

Na ɗaya. Motar ta mutum bakwai ce, aka zuba mu goma sha ɗaya, da buhun taki shida a but, da injin ban ruwa a sama. Tayar baya ta dama ta suɗe sumul kamar bayan ƙwarya. Da na nuna wa direba, ya yi mata shuri ɗaya ya ce ƙalau take. Ban san ana auna iska da silifa ba sai ranar.

Na biyu. Na ga an ɗaura safaya sabuwa fil, hankalina ya kwanta. Muna wuce shingen jami'an hanya sai direba ya tsaya, ya kwance ta, ya miƙa wa wani ɗan acaba da ke biye da mu, shi kuma ya juya da ita tasha. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta yi min bayani cewa safayar ɗaya ce tak ta duk layin, kowace mota rakiya take yi mata zuwa shinge ta koma, mota ta gaba na jira. Na yaba da wannan zumunci. Ko tabarmar masallaci ba ta kai ta yi wa jama'a hidima ba.

Na uku. Ba mu kai Kibiya ba tayar dama ta fashe. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Direba ya buga waya a kawo safaya, aka ce ta raka wata motar. Baburan da suka wuce kowanne da lodinsa. Ina zaune a kan buhun taki aka yi azahar, na kuma san can ana ɗaukar Sale. Na isa bayan la'asar, ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Babarmu kallona kawai ta yi, kuma har yau kallon nan bai bar ni na yi barci ba.

Alhaji, kwanan Sale ne ya ƙare, ban ɗora muku wannan ba. Kuɗin motata ma na yafe. Roƙona shi ne kowace mota ta tashi da safayarta ta kuma sauka da ita, taki ya bi motar taki, a kuma saya wa tasha abin auna iska, silifan direba ya huta.

Ni ma wata rana daga Kahu za a taso a binne ni a Rano, kuma motarku 'yan'uwana za su hau. Ina so su iso.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya, Ya tsare direbobinku, Ya sa ranar taku kowa ya samu salla.

Wassalam.
Ƙanin marigayi Sale, tela a Rano.