Anzar da Dija Ta Jiƙa

Gidan Sori, farkon Sha'aban 1985

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aikin gadi a buro, ofishin nan naku? Mu nan sai godiya.

Yaya, yaron nan ya rasu ranar Talata da hantsi. Ka san ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, yanzu ma hannuna ya ƙi rubutawa. Mutane suna zuwa gaisuwa ina sunkuyar da kai kamar ba ni na haife shi ba. In sun tafi sai in shiga cikin rumbu. Rumbun ma ba komai ciki sai ni.

Ubansa bai sani ba, yana can ƙetare wajen ci-rani. Tunda aka rufe iyaka ba mu ji daga gare shi ba.

Hatsin taimako bai iso nan ba, 'ya'yan anza na daji muke ci. Matarka Dija ce ta jiƙa ta wannan karon, ta dafa, muka ci gaba ɗaya. Da maraice cikinsa ya ɓaci, bai sake tashi ba. Na faɗa maka da kaina don na san wasu za su riga ni.

Ka gaida mutanen Agiye. Ƙanwarka, Larai.

*

Agiye, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Larai,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina miki ta'aziyyar Hayatu. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki dangana.

Lalle an riga ki. Ɗantala direba ya kawo mini saƙon Goggo Tani, cewa Dija ba ta sauya wa anzar ruwa yadda ake yi ba, ta dafa ta da ɗacinta. Kowa ya san anza guba ce in ba a wanke ta ba. A gidana kike zaune, amanarku tana wuyana. Ba zan riƙe matar da gangancinta ya kashe ɗan ƙanwata ba.

Ke ce uwa, ke ce kika gani. Ki faɗa mini kalma ɗaya. In anzar ce, zan aiko mata da takardarta ta koma gidansu. In ba ita ba ce, na bar maganar.

Wassalam. Yayanki, Shu'aibu.

*

Gidan Sori, farkon azumi

Yaya, ina gaisuwa, ya ibada?

Tunda takardarka ta zo ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in je rijiya ba tulu in dawo.

Gaskiya ne anzar ta yi ɗaci. Gaskiya ne kuma ranar tulu ɗaya Dija ta samo, tun asuba take layi, guga na fitowa da laka. Ko ta zuba wa anza ruwan ƙarshe, ko yara su sha. Ta ba yara. 'Yarku Balki ta ci daga kwanon nan, ga ta tana yawo.

Na bi amalanke har Gidan Rumji na tambayi malamin asibiti. Ya ce, ƙafafunsa sun kumbura kafin nan? Na ce tun sanyi. Ya ce gashinsa ya yi ja? Na ce ya yi. Ya ce, "Baiwar Allah, yaron da ya kai haka, anza na iya kayar da shi, yana kuma iya faɗuwa ba anza." Na ce to wanne ne? Ya ce shi bai sani ba.

Goggo kuwa ta sani. Ta ce, "Ke Larai, lakol ɗin bokon da kika yi shekara uku ce ta toshe miki kai? Ya ci, ya mutu. Me ya rage?" Na ce, "Goggo, ranar da kika zo garin nan akuyarmu ta mutu, ke kika kashe ta?" Ta ce Allah ya shirye ni, ta ɗauki carbinta ta fita.

Amma kada ka ɗauka na wanke Dija. Wani lokaci in na ga hannunta cikin ƙwarya sai in ji kamar in fizge. Ita kuma ta daina ci. Tana shan ruwa da magariba ta tura wa Balki kwanon. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Muna kwana ɗaki ɗaya.

Allah ya karɓi ibada. Larai.

*

Agiye, goman tsakiya na azumi

Larai, bayan gaisuwa.

Kin cika takarda gaba da baya, ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Ni ma ba na iya tsayuwa a bakin ƙofar nan, zagaye nake yi kamar wanda ya yar da abu. Goggo ta sake aiko mini. Zan zo bayan salla, kuma ina so in zo da sanin abin da zan yi. Ki amsa.

Shu'aibu.

*

Gidan Sori, jajibirin salla

Yaya, barka da shan ruwa.

Kalmar da kake nema ba ni da ita. Ya ci, daga baya ya tafi. Iyakar abin da na gani ke nan, kuma na gane haka zan zauna da shi har in mutu. Amma in ka sake ta, wannan kam na san abin da ya jawo shi, bakina ne. Ba zan ɗauka ba.

An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta jiƙa har tsawon hannu. Babu namiji a gidan, don haka Dija ta ɗauki sungumi tana sara, ni ina bin ta da iri ina rufewa da ƙafa. Ɗan abin da muka samu bai kai rabin gonar ba.

In za ka zo, ka zo da iri.

Allah ya kawo ka lafiya. Ƙanwarka, Larai.