Ƙullutun da ke Wuyana

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Umma? Ya yara? Ni lafiya lau, ina zuwa aiki.

Sai dai ƙullutun wuyan nan nawa bai baje ba. Likita ta yanki kaɗan, za su binciki ƙwayoyin halittar da suka taru a ciki. Ta ce in iri-iri ne, wata cuta jiki ke yaƙa. In kuwa duk daga ƙwaya ɗaya suka yaɗu, sankara ce.

Ba komai in sha Allahu, ko zafi ba ya yi. Kar Umma ta ji.

Yaya, ke kika yi jinyar Baba har ya cika. Don Allah faɗa min gaskiya: nasa ƙullutun yana zafi?

Ƙaninki.